Damina ce ke karɓar aiki: Yadda garantin magini ke ƙarewa kafin aibin daɓe ya bayyana a Kudancin Kaduna

A kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, aikin gini yakan kankama a Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita. Daga Kagoro zuwa Zonkwa, daga Kwoi zuwa Manchok, motocin tifa na sauke yashi da tsakuwa, birkiloli da masu shimfiɗa tayil kuma suna aiki har bayan faɗuwar rana. Dalilin gaggawar sananne ne. Masu gidajen da ƙananan masaukan, waɗanda da yawansu ma'aikata ne a Abuja ko waɗanda suka yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya, suna so a miƙa musu makulli kafin Kirsimeti da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, lokacin da 'yan yankin ke komawa gida, masaukai su cika, a shiga hidimar bukukuwan aure.

Abin da ake gamawa a ƙarshe shi ne daɓe: na tsakar gida, na wurin ajiye motoci, da kuma, a masaukai da wuraren shaƙatawa, daɓen da ke kewaye da tafkin ninkaya. A watan Disamba babu abin da ya kai shi kyan gani. Ƙasa ta bushe, iskar hunturu na kaɗawa, tayil na sheƙi. Mai aiki ya zo daga Abuja ya zaga, ya yaba, ya biya cikon kuɗi, magini kuma ya yi masa alkawarin garanti na wata shida.

A lissafa watannin. Wata shida daga Disamba yana cika ne a Yuni. Ruwan da ke jiƙa ƙasa har can ciki kuwa sai a Yuli da Agusta da Satumba yake sauka. Ke nan a lokacin da daɓen zai lotsa ta gefe guda, tayil ya fara ɓamɓarewa, ruwa ya riƙa kwanciya a gindin katanga, garantin ya riga ya ƙare, kuɗi sun fita daga hannu, maginin kuma yana can wani aikin a Keffi ko Akwanga. Akasarin rigimar da ke tashi tsakanin masu gini da magina kan daɓe tana da tushe a wannan giɓi na wata biyu ko uku.

Ƙasa da ruwa

Kudancin Kaduna ba ta da yanayi irin na arewacin jihar. Kafanchan na kwance ne a gindin tsaunukan da suka haɗe da tudun Jos, kuma duwatsun Kagoro suna tare iska mai ɗauke da danshi, ta zubar da ruwanta a yankin. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,500, fiye da ninki biyu na abin da Katsina ke samu, kuma damina na farawa tun Afrilu ta kai Oktoba. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke zuba a Matsirga cikin watan Agusta ya san irin nauyin da ƙasar yankin ke ɗauka.

Daɓen gefen tafki ya fi kowane daɓe shiga haɗari, saboda yadda ake gina tafkin. Sai an haƙa rami ya fi girman tafkin, a gina bango, sannan a mayar da ƙasa a cike gefen. A kan wannan ƙasar ciko ake shimfiɗa daɓen. Ƙa'idar aiki ita ce a zuba cikon kaɗan-kaɗan, kaurin da bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, a yayyafa ruwa, a danne da inji, sannan a ƙara wani. Mai gaggawa kuwa yakan tura ƙasar gaba ɗaya, ya baje samanta, ya zuba kankare. Ƙasar rani mai tauri ce, tana iya riƙe nauyin har tsawon watanni. Ranar da ruwa ya ratsa ta sai ta zauna, ta bar rami a ƙarƙashin kankaren, shi kuma ya tsage ya bi ta.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Matan da ke yin daɓen gargajiya da tsakuwa da ruwan makuba sun san cewa ƙarfin daɓe yana cikin duka, shi ya sa suke wuni suna bugunsa da madaɓi. Siminti bai soke wannan ƙa'ida ba, ya dai ba maras haƙuri damar ɓoye ha'incinsa na ɗan lokaci.

Aibi na biyu shi ne rashin gangara. Ana so daɓe ya karkata da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya tura ruwa zuwa magudana, nesa da tafkin da kuma ginin. Idan aka shimfiɗa shi a miƙe, ko ya karkata ta inda bai dace ba, ruwa zai kwanta, gansakuka ta fito, wurin ya yi santsi. A bakin tafkin da yara ke gudu ba takalmi, wannan magana ce ta rai.

Na uku shi ne rashin tsagi. Kankare yana takurewa yayin da yake bushewa, yana kuma motsi tsakanin zafin rana da sanyin dare. Shi ya sa ake yanka masa tsagi da gangan, kusan kowace mita 3 ga daɓe mai kaurin santimita 10, domin ya tsage a inda aka zaɓa masa. Haka kuma ana raba daɓen da bakin tafkin da wani tsagi da ake cikewa da roba mai talewa, don kada motsin ɗaya ya ja ɗayan. Na huɗu shi ne shayarwa: sabon kankare na buƙatar danshi na aƙalla kwana 7, kuma sai a kwana 28 ake auna ƙarfinsa. A cikin busasshiyar iskar hunturu, kankaren da aka zuba da safe aka bar shi ba ruwa yakan bushe ta sama kafin ya yi ƙarfi, daga baya ya riƙa zubar da gari.

Abin da garanti ke nufi a takarda

Ɗora wa magini alhakin aikinsa tsohuwar al'ada ce. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, da aka rubuta fiye da shekara 3,700 da suka wuce, sun wajabta wa maginin da bangonsa ya karkace ya gyara da kuɗinsa. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da ɗora wa masu sana'a lamunin abin da ya lalace a hannunsu. A biranen Hausa irin su Zariya da Kano kuwa, magina na da Sarkin Magina da ke shugabantarsu, kuma sunan mutum a cikin sana'ar shi ne jarinsa.

A kwangilar zamani, wannan alhaki yana tafiya ne da abu biyu da ma'aikatan sassan sayayya da na ayyuka a ma'aikatun tarayya suka sani sarai. Na farko shi ne wa'adin gyara, wato lokacin da ke biyo bayan miƙa aiki, wanda a cikinsa ɗan kwangila zai dawo ya gyara duk aibin da ya bayyana ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. A gine-gine an saba da wata 6, a manyan ayyuka irin na hanyoyi kuma wata 12. Na biyu shi ne kuɗin riƙo, wanda a ayyukan gwamnati aka saba da kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangila. A tsarin kwangila na FIDIC da ake amfani da shi a manyan ayyuka a duniya, ana sakin rabin kuɗin riƙon ranar karɓar aiki, sauran rabin kuma sai wa'adin gyara ya cika.

Dokar Sayayya ta Gwamnati ta 2007 ta ƙara wasu shingaye. Ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin 100, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, ta kuma buƙaci takardar lamunin kammala aiki da ba ta gaza kashi 10 cikin 100 ba. Abin mamaki shi ne jami'in da ba zai taɓa sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila a ofis ba sai ya ga an cire kuɗin riƙo, shi ne zai biya nasa maginin duka a ranar miƙa makulli, don kawai ɗan garinsu ne, ko tare suke ibada, ko ƙanin abokinsa ne. Alhali wannan kuɗi sau da yawa bashi ne daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa dominsa, ake kuma ba da rancensa a kan ruwan kashi 6, ko kuwa kuɗin sallamar da mutum ya yi shekara 35 yana jira.

Wasu ƙasashe ba su bar lamarin ga yarjejeniyar mutum biyu ba. A Faransa, dokar 1978 ta raba garanti gida uku: shekara 1 ga duk aibin da aka nuna, shekara 2 ga kayan da ake iya cirewa, shekara 10 ga abin da ya shafi ƙarfin gini, tare da tilasta wa magini yin inshora. A Birtaniya, akasarin sababbin gidaje na zuwa da garantin shekara 10, wanda maginin ke ɗauke da shekara biyun farko. A Najeriya, ga mai ginin kansa, abin da ya rubuta da magininsa shi ne babbar kariyarsa. Idan bai rubuta komai ba, bai rasa haƙƙi gaba ɗaya ba, domin doka na ɗaukar cewa duk mai sana'ar da ya karɓi aiki ya yi alkawarin yin sa da ƙwarewa, amma tabbatar da abin da aka yi magana a kai da baki wahala ce babba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Cikar wa'adin gyara ba ta wanke magini daga ɓoyayyen aibi, wato wanda ido ba zai iya gani ba ranar karɓar aiki, kamar cikon da ba a danne ba ko rodin da aka rage. Abin da ke ƙarewa shi ne wajibcin ya dawo da kansa bisa sharaɗin kwangila, da kuma kuɗin riƙon da ke hannun mai aiki. Haƙƙin neman diyya yana nan, sai dai hanyarsa ta fi tsawo da tsada.

Laifin wane ne?

Kafin a ɗaga murya, wajibi ne a san abin da ya lalace da dalilinsa, domin ba kowace tsaga ce aibi ba. Siririyar tsaga kamar gashi, wadda gefenta biyu ke daidai, kusan kowane kankare na yin ta. Wadda ke nuna matsala ita ce mai faɗaɗa, ko wadda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ja layi da fenti a ƙarshen tsagar, a rubuta kwanan wata, a auna faɗinta, a dawo bayan mako biyu. Tayil kuma a ƙwanƙwasa shi da ƙarfe. Wanda ya yi ƙarar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa. Gangara kuwa bokitin ruwa ɗaya ya isa ya tona asirinta.

Idan daɓen gefen tafki ne ya lotsa, dole a bincika ko tafkin ko bututunsa na yoyo, domin ruwan da ke tsiyaya a ɓoye yana cinye ciko ko da an danne shi da kyau. A cika bokiti da ruwa, a ajiye shi a matakalar tafkin, a yi alama a matakin ruwan ciki da na waje, a kashe famfo, a jira awa 24. Idan ruwan tafkin ya ragu fiye da na bokitin, akwai yoyo. Wannan gwaji na da muhimmanci musamman inda wanda ya gina tafkin daban, wanda ya shimfiɗa daɓen daban, kowa na tura laifi ga ɗan'uwansa.

Adalci kuma ya buƙaci a dubi ɓangaren maginin. A yawancin gine-ginen da ake yi daga nesa, mai aikin ne ke sayen kaya, magini ladan hannu kawai yake karɓa. Wanda ya aika buhu 40 na siminti inda aka ce masa 60 ake buƙata, ko ya ce a bar hayar injin danna ƙasa don rage kuɗi, ko ya zaɓi tayil mai santsi na cikin ɗaki don ya fi kyau a hoto, ba shi da bakin neman garanti a kan abin da ya jawo. Tsadar kaya ma ta taka rawa. A watan Fabrairun 2024 farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka amince da naira 7,000 zuwa 8,000. Maginin da ya karɓi aiki a tsohon farashi, aka kuma ƙi sake lissafi da shi, sau da yawa a cikin kwaɓin siminti yake fanshe asararsa. Hakan ba uzuri ba ne, amma yana bayyana inda matsalar ta faro. Sai kuma abin da ya faru bayan miƙa aiki: tankar ruwa mai nauyi da ta hau daɓen da aka yi don tafiyar ƙafa, ko magudanar da aka bari ta toshe.

Inda gardama ta yi tsanani, rahoton ƙwararre mai zaman kansa ne ke raba ta. Injiniya mai rajista da COREN, majalisar da aka kafa a 1970, ko magini mai rajista da CORBON, wadda aka kafa a 1989, zai iya auna ƙarfin kankaren, ya huda ya ga kaurinsa da abin da ke ƙarƙashinsa. Ba sai an je nesa ba: reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana da tsangayar nazarin muhalli, inda ake koyar da fannonin gini.

Yadda ake neman gyara

Mataki na farko shi ne sanarwa a rubuce, cikin wa'adi, ba tare da jiran Disamba mai zuwa ba. Takardar ta faɗi ranar da aka karɓi aiki, ta lissafa kowane aibi da wurinsa, a haɗa da hotuna masu kwanan wata, a gayyaci maginin ya zo a duba tare, a kuma ba shi lokaci mai ma'ana, kamar kwana 14, ya kawo tsarin gyara. Saƙon WhatsApp yana iya zama hujja, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da bayanan na'ura idan an cika sharuɗɗansa, amma wasiƙar da aka sa hannu aka karɓa ta fi ƙarfi. Kiran waya ta bakin ƙani ko ɗan'uwan da ke lura da aikin ba ya barin sawu.

Mataki na biyu shi ne a ba maginin damar gyarawa. Fushi yakan sa mai aiki ya kira wani ya fasa daɓen ya sake, sannan ya aika wa na farko da lissafi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta duba irin wannan a shari'ar Pearce and High da Baxter a 1999, ta ce wanda bai ba ɗan kwangila damar gyara ba yana iya samun diyya, amma ba za ta wuce abin da gyaran zai ci ɗan kwangilar da kansa ba. Hukuncin kotunan Ingila ba ya ɗaure kotunan Najeriya, sai dai suna yawan dubawa su yi la'akari da shi a shari'un kwangila. Ban da haka, wanda ya fasa daɓe ya fasa hujjarsa.

Mataki na uku shi ne a amince da irin gyaran a rubuce. Maginin da aka matsa wa yakan zo da rabin buhun siminti ya shafe tsagar, ya tafi. Idan cikon ƙasa ne ya zauna, shafe ba ya magani. Sai an ɗaga ɓangaren da ya lotsa, a kwashe cikon, a sake zubawa ana dannewa, a gyara magudana, a yanka tsagi. A rubuta wanda zai sayi kaya, da ranar farawa da ta gamawa, da kuma sharaɗin cewa ɓangaren da aka gyara zai samu sabon wa'adi. Aikin ƙasa ya fi kyau bayan ruwa ya ɗauke, saboda haka ana iya sanar da aibi a Agusta, a killace wurin don kare mutane, a yi gyaran a Nuwamba.

Shi ma mai aiki kada ya wuce gona da iri. Shari'ar da ta fi shahara a duniya kan wannan batu a kan tafkin ninkaya aka yi ta. A shari'ar Ruxley da Forsyth, wadda kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin ta yanke a 1995, an yi yarjejeniyar zurfin tafki zai kai ƙafa 7 da inci 6, aka gina shi ƙafa 6 da inci 9 a wuri mafi zurfi. Mai tafkin ya nemi fam 21,560, kuɗin rushewa a sake. Kotu ta lura cewa tafkin ba shi da haɗari, darajar gidan kuma ba ta ragu ba, ta bar shi da fam 2,500. Darasin shi ne diyya na bin girman cutarwa. Daɓen da ya lotsa har yana barazana ga bangon tafki ya cancanci a sake shi. Wanda launin tayil ɗinsa ya ɗan bambanta ya cancanci ragin kuɗi.

Idan magini ya ƙi

Akwai matakai kafin kotu. A garuruwa irin su Kagoro da Kwoi, inda kowa ya san gidan kowa, dattawa da shugabannin addini da na ƙungiyoyin masu sana'a suna iya dawo da magini bakin aiki fiye da wasiƙar lauya, matuƙar abin da aka cimma an rubuta shi an sa hannu. Idan maginin mai rajista ne, ana iya kai ƙorafi majalisar da ta yi masa rajista, wadda ke da ikon ladabtarwa. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin samun inganci, kuma sashe na 130 ya ba shi damar neman a gyara aibin ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Hukumar FCCPC ce ke karɓar irin wannan ƙorafi. Akwai kuma zaurukan sulhu da ke ƙarƙashin kotuna, tsarin da Legas ta fara a 2002, Abuja ta bi a 2003, sannan Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta ƙara wa yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanya ƙarfi.

Idan duk sun ci tura, Babbar Kotun Jiha na zama a Kafanchan. Sai dai lokaci na tafiya: dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara ta Jihar Kaduna ta ba da shekara 5 ga shari'ar kwangila, ta Abuja kuma shekara 6. Mai ƙara zai fi samun sauƙi idan yana da izinin gini daga hukumar KASUPDA, da zanen da aka amince da shi, da rasiɗan biyan kuɗi ta banki.

Hanya ɗaya ce ya kamata mai riƙe da muƙami ya guje wa, duk da ita ce ta fi kusa da hannunsa: tura wa magini 'yan sanda. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum saboda saɓa kwangila kawai. Kotunan Najeriya sun sha cin tarar waɗanda suka mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Jami'in da ya bi wannan hanya yana iya wayar gari shi ne ake ƙara kan tauye haƙƙin ɗan Adam, daɓensa kuma yana nan a tsage.

Daga tsakar gida zuwa aikin gwamnati

Abin da ke faruwa da daɓen masauki shi ne ke faruwa da harabar asibiti, da kwalbati, da ajujuwan makaranta. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Aikace-aikace ta Tarayya a Kachia da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, abin da ke nufin ƙarin gine-ginen gwamnati da ƙarin ma'aikatan da za su nemi muhalli a yankin. Ga kuma ayyukan mazaɓu, waɗanda hadiman 'yan majalisa ke bibiya, kuma galibi a ƙarshen shekara ake rububin kammala su kafin a rufe kasafi, wato a tsakiyar rani. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun irin waɗannan ayyuka, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki.

Jami'in da ke sa hannu a takardar sakin kuɗin riƙo yana da tambaya ɗaya da ta kamata ya yi kafin ya ɗauki biro: shin damina ta sauka a kan wannan aiki? Idan an karɓi aiki a Disamba, aka saki kuɗin a Yuni bisa hotunan da aka ɗauka a Janairu, an bi ƙa'idar takarda, amma ba a gwada komai ba. Ziyarar gani da ido guda ɗaya a watan Satumba ta fi rahoto goma na lokacin rani.

Ga mai ginin kansa kuwa, maganin bai wuce shafi ɗaya ba, kuma kafin a haƙa rami ake rubuta shi. A bincika rajistar kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni. A rubuta kaurin kankare, da yawan siminti, da yadda za a danne ciko, da inda ruwa zai bi. A biya kuɗi mataki-mataki, kuma a sa wani mai ilimin gini ya ga cikon da rodin kafin a rufe su. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100. A aikin naira miliyan 20, kashi 5 naira miliyan 1 ne, kuɗin da ya isa ya sa magini ya ɗauki waya. Sannan a daina ƙidaya garanti da watanni shida na al'ada. A rubuta cewa wa'adin gyara zai kai wata 12, ko kuma har zuwa 31 ga Oktoba na shekarar da ke biye da miƙa aiki, duk wanda ya fi nisa. Maginin da ya danne cikonsa da kyau ba zai ji tsoron wannan sharaɗi ba, wanda kuma ya ƙi amincewa da shi ya riga ya faɗa wa mai aiki abin da ya kamata ya sani tun kuɗinsa na aljihunsa.